Liverpool Ma Sai Da Ta Bi Layi

A gidan kallon ƙwallon unguwarmu, in musu ya yi zafi har bakin kowa ya bushe, akwai sandar da ake ɓoyewa sai can ƙarshe a zaro ta, wato tarihi. Ɗan Liverpool ko ɗan United zai miƙe daga kan benci, ya nuna ɗan City ko ɗan Chelsea da yatsa ya ce, "Kai malam, yi mana shiru! Ku da kuɗi ya haifa jiya-jiyan nan, ina tarihinku?" Sai a kwashe da shewa, mai gidan kallo ya ƙara murya a talabijin, magana ta mutu. Na daɗe ina cikin masu faɗin haka, domin tun ina sakandare nake bayan Liverpool. Yanzu na bari. Ƙaunar tana nan yadda take. Abin da ya faru shi ne na koma na bi diddigin yadda ƙungiyar tawa ta fara, sai na ga ashe shekara da shekaru muna dukan abin da bai yi laifi ba, mai laifin kuma yana gefe ba wanda ya taɓa shi.

Anfield ɗin nan, filin wasanmu da muke rantsuwa da shi, gidan Everton ne tun asali. A can take wasa tun 1884, a can kuma ta ci gasar Ingila a 1891, lokacin da babu wata aba mai suna Liverpool FC a duniya. Mai filin wani attajiri ne, John Houlding, mai kamfanin giya kuma ɗan siyasa, wanda daga baya ya zama magajin garin Liverpool. Shi ne shugaban Everton, shi ne kuma mai gidan hayarta, kuma duk wanda ya taɓa zaman haya ya san yadda irin wannan haɗin yake ƙarewa. Kuɗin haya ya tashi daga fam 100 a shekara zuwa fam 250. 'Yan wasa a otal ɗinsa, Sandon, suke sauya kaya su tako zuwa fili. Da yawa daga cikin 'yan kwamitin ƙungiyar kuwa mutanen coci ne masu ƙyamar giya, ba sa jin daɗin ganin wasansu ya zama kasuwar mai giya. Rikici ya yi ta ci har 1892, inda mafi yawan mambobi, George Mahon na gaba, suka tattara nasu ya nasu suka tsallaka filin shaƙatawa na Stanley, suka gina Goodison Park. Suka bar wa Houlding fili wayam, babu ƙungiya, babu 'yan kallo.

Ya so ya riƙe sunan Everton, hukumar ƙwallon Ingila ta ce ba za a yi Everton biyu ba. Shi ne aka raɗa wa jaririyar suna Liverpool, a watan Yuni na 1892 ta zama ƙungiya a hukumance. Ya ba da rancen fam 500, ya damƙa aikin a hannun William Barclay da wani mutumin Ireland, John McKenna. Ina za a samo 'yan wasa cikin wata biyu? Aka nufi Scotland, inda ƙwararrun zamanin suke, aka yi ta kwaso su. Ranar 1 ga Satumba 1892, a wasan sada zumunta na farko da Rotherham Town, duka sha ɗayan da suka sa rigar Liverpool 'yan Scotland ne, babu ɗan gari ko ɗaya. Saboda yawan masu suna McVean, McBride, McLean, McQueen, McCartney, har laƙabi aka yi musu da ƙungiyar su Mac. Rigar ma ba ja ba ce, shuɗi da fari ce. Sai bayan shekara huɗu jan ya zo.

To, a tsaya a duba. Attajiri mai fili ba ƙungiya, ya buɗe lalita, ya sayo baƙi daga wata ƙasa, ya sa musu riga. Da mene ne wannan ya bambanta da abin da muke goranta wa wasu a gidan kallo? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ni da nake Musulmi, sanin cewa kuɗin giya ne ya kafa tubalin farko bai yi mini daɗi ba, amma rashin daɗinsa ba zai goge shi ba. In kuɗi ne abin kunya a ƙwallo, mu ne ya kamata mu fara sunkuyar da kai.

Abin da ya raba labarin nan da na wasu ya faru ne kafin a taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Liverpool ta nemi gurbi a gasar ƙasa, wadda a shekarar aka faɗaɗa ta zuwa rukuni biyu. Tana da ɗaya daga cikin filaye mafi kyau a Ingila, tana da mai kuɗi a bayanta, tana da 'yan wasan da suka san aiki, kyaftin ɗinta Andrew Hannah ma da shi Everton ta ci gasa a 1891. Duk da haka aka ƙi ta. Dole ta gangara gasar yankin Lancashire, inda ake karawa da ƙungiyoyin ƙananan garuruwa da ƙauyukan masaƙu.

Ranar Asabar 3 ga Satumba 1892 ta buga wasan gasa na farko a tarihinta, da Higher Walton, ƙungiyar wani ƙauye kusa da Preston. Ta ci 8 da nema. Mutanen da suka zo kallo ba su wuce 200 zuwa 300 ba. Na sha tsayawa ina hasko wannan yammacin a raina: filin da aka saba ganin dubbai sun cika shi, ga bencina a jere babu kowa, muryar ɗan wasa na kiran abokinsa tana amsa kuwwa, mai karɓar kuɗin ƙofa ya gama ƙirga cinikin ranar kafin a je hutun rabin lokaci. A ɗaya gefen filin shaƙatawa kuwa, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, dubban mutane suna tururuwa zuwa sabon gidan Everton. Gari ya zaɓi ɓangarensa, kuma ba Houlding ya zaɓa ba. Taron wasan unguwa da ake yi a filin firamare da la'asar ya kan fi wannan cika.

Daga nan aka fara abin da kuɗi ba ya iya gajarta shi, wato bi mako-mako. Da Bury mai riƙe da kofin ta zo Anfield aka doke ta, 'yan kallo sun kai dubbai, don labari ya fara zagawa cewa baƙin nan suna taka leda ta gaske, gajerun fasin ƙafa zuwa ƙafa irin na mutanen Scotland, ba ɗaga ƙwallo sama a bi ta da gudu ba. John Miller yana ta zura ƙwallaye. Matt McQueen kuwa duk inda aka sa shi zai tsaya, har gola ya yi wa ƙungiyar a wasu lokuta, kuma bayan shekara 30 ya dawo ya zama manajanta. Amma ba a bar su sun wuce salin-alin ba. Blackpool ta doke su gida da waje. A kofin FA, bayan sun cinye Nantwich da Newtown a wasannin share fage, Northwich Victoria ta yi waje da su da ci 2 da 1, ko zagayen farko na ainihin gasar ba su leƙa ba. Da aka kammala wasa 22 na Lancashire, Liverpool ta ci 17, ta yi kunnen doki 2, an doke ta 3, maki 36, daidai da na Blackpool. Sai da aka koma lissafin ƙwallaye, wanda a lokacin raba waɗanda ka ci ake yi da waɗanda aka ci ka, sannan kofin ya faɗo hannunta. Da ƙyar da jiɓin goshi ke nan, a gasar da aka ɗauka za ta share ba gumi.

A watan Afrilu na 1893 suka haɗu da Everton karo na farko, a wasan ƙarshe na kofin birnin, a filin Bootle. Tom Wyllie, tsohon ɗan Everton, ya ci ƙwallo ɗaya tilo. Everton ta kai ƙara kan alƙalin wasa, har ba a miƙa kofin a ranar ba, sai daga baya aka yi watsi da ƙarar. Kofunan biyu da suka ci a kakar kuma, da aka ajiye su a tagar wani shago don jama'a su gani, ɓarayi suka yi awon gaba da su, sai da ƙungiyar ta biya kuɗin ƙera wasu. Haka kakar farko ta ƙare.

Da wannan shaida a hannu McKenna ya buga wayar tangaraho Landan yana neman gurbi a rukuni na biyu, aka karɓe su a 1893, shekara ɗaya da Newcastle United da Woolwich Arsenal. Suka buga wasa 28 ba a doke su ba, suka ci Newton Heath a wasan neman hayewa, ƙungiyar da daga baya ta zama Manchester United. Suka hau rukuni na ɗaya, suka faɗo a 1895, suka sake hawa a 1896. Sai a 1901 suka ci gasar Ingila karo na farko, shekara tara bayan wancan yammaci na mutum 200. Houlding ya rasu shekara guda bayan haka.

Ra'ayina a nan shi ne: wanda ya hana Liverpool gurbi a 1892 ya yi mata alherin da Houlding da duk dukiyarsa bai yi mata ba. Fam 500 sun sayi ƙafafu. Mutanen da suka dawo Anfield mako bayan mako har suka haifi 'ya'ya da jikoki a kan wannan ƙauna kuwa, gumin da suka gani ne ya jawo su, da kayen da aka sha a Blackpool da Northwich aka tashi aka karkaɗe. Abin da muke kira tarihi a gidan kallo daga nan ya tsiro. Don haka tambayar da ta dace a yi wa kowace ƙungiya ba "wa ya ba ki kuɗi?" ba ce. A tambaye ta: matsayin da kike kai, a fili kika same shi ko a ofis? Kuma in kika gaza, akwai hanyar da za ki faɗo?

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Za a ce ai ko a wancan zamanin ba adalci ake yi ba, ƙuri'a ake kaɗawa a ɗaki, cin gasar Lancashire bai ba kowa tikiti kai tsaye ba. Haka ne. Chelsea a 1905 ko wasa ɗaya ba ta buga ba aka sa ta a rukuni na biyu, saboda Gus Mears, wanda ya kafa ta, yana da filin Stamford Bridge kuma masu gasar suna son kafa ƙafa a Landan. Arsenal a 1919 an ɗaga ta zuwa rukuni na ɗaya alhali ta biyar ta zo a rukuni na biyu a kakar ƙarshe kafin yaƙin duniya na farko ya sa a dakatar da gasar, Tottenham ta sauka, kuma har gobe ba su yafe ba. Amma waɗannan misalai ai hujjata suke ƙarfafawa. Fiye da shekara 100 ke nan ana ambaton su da ɗaci, don mutane sun san an tsallake layi. Kuma Ingila ta yi ta gyara abin a hankali, har a 1987 aka buɗe ƙofar ƙasa baki ɗaya, zakaran ƙananan gasa ya riƙa hawowa ba tare da roƙon kowa ba. Ta wannan ƙofar Luton Town, wadda a farkon 2014 ba ta ma cikin rukunai huɗu na ƙwararru, ta iso gasar Firimiya a 2023.

Za a kuma ce layin mai kuɗi ba ya tsawo, wanda ya sayo ƙwararru ya zuba su cikin 'yan ƙauye ai cin zali ne, 8 da nema ma shaida ce. Ban musa ba. Kuɗi yana sa sauri, kullum haka yake. Amma mai kuɗin da aka tilasta wa bin layi dole ya je filin talaka, ya buga a cikin taɓonsa, taron da ya biyo shi ya bar wa talakan ɗan abin sawa a asusu, kuma wata rana talakan ya kayar da shi gaban jama'a. Wanda ya sayi kujera a sama kuwa ba ya haɗa hanya da kowa. Na farko yana cikin wasan. Na biyun sayen wasan ya yi.

Labarin Wimbledon ya fi kowanne fito da wannan fili, kuma mu 'yan Liverpool mun san su sarai, don su ne suka doke mu 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin FA a 1988, shekara 11 kacal bayan shigarsu gasar ƙwararru. Daga ƙasa suka taso da ƙafarsu. A 2002 aka amince wa masu ƙungiyar su ɗauke ta su kai Milton Keynes, garin da yake son gurbi a gasar ƙwararru amma bai bi doguwar hanyar ba, daga baya aka sauya mata suna zuwa MK Dons. Magoya bayan da aka bari ba su bi ta ba. Suka kafa AFC Wimbledon, suka kira gwajin 'yan wasa a filin jama'a, duk mai takalmi ya zo, suka fara daga mataki na tara. A 2011 suka dawo gasar ƙwararru. A 2020 suka koma unguwarsu, a sabon filin kansu da ke titin Plough Lane. A tambayi kowane mai son ƙwallo a Ingila wacce ce Wimbledon ta gaskiya a cikin biyun.

Mu ma nan gida maganar ta shafe mu, don mun saba jin an ce wane ya sayi gurbi a gasar ƙwararru, an sauya wa ƙungiya suna da gari cikin dare ɗaya, bayan shekara biyu ko uku mai kuɗin ya gaji ko mulki ya sauya hannu, ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Ba wanda ya yi kuka, don ba wanda ya raine ta. Kano Pillars kuwa da ta faɗi a 2022, mai kofin gasa huɗu a kabad, ta sauka ta buga a ƙaramar gasa ta dawo a 2023. Na fi ganin girman "Sai Masu Gida" a wannan shekarar fiye da wasu shekarun da aka ɗaga kofi.

Abin da ya sa maganar nan take ci mini rai shi ne, ƙungiyar da ta fi kowa sanin darajar buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce ta sa hannu a rufe ta. Ranar 18 ga Afrilu 2021 ƙungiyoyi 12 na Turai, shida daga Ingila, suka shelanta sabuwar gasa ta manya zalla, inda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba ko da sun yi shekara ba su ci wasa ba. Sunan Liverpool yana ciki. Jikokin waɗanda aka ce su je Lancashire su nuna kansu, su ne yanzu suke cewa a ɗauke tsanin don kada wani ya biyo baya. Da irin wannan tsari ne a 1893, da wayar McKenna ba ta samu amsa ba, da yau Anfield gidaje ne ko kasuwa.

Washegari muna da wasa da Leeds. Cikin azumi ne, muna idar da asham muka nufi gidan kallo, mun tarar an yi nisa. Ban taɓa jin wurin shiru irin na daren ba. Aka sake nuno 'yan wasan Leeds lokacin motsa jiki, sanye da riguna masu rubutun cewa gurbi da gumi ake samunsa. Wani dattijo da ba ya fashin kallo, mai goyon bayan Everton tun zamanin da a rediyo ake jin wasa, ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaro, yau ina bakin naku?" Na ce, "Baba, yau ba mu da ta cewa." Sadio Mane ya ci mana, Leeds ta farke ana saura minti uku, kuma ban ji zafin da na saba ji ba. Magoya baya a Ingila suka fito tituna, suka rataya ƙyallaye a bangon Anfield suna tir da masu ƙungiyar, kyaftin Jordan Henderson da abokan wasansa suka fito fili suka ce ba sa so. Cikin kwana biyu abin ya wargaje, John Henry mai ƙungiyar ya fito a bidiyo yana neman afuwa. Na karɓi afuwar, amma ban saki jiki ba, don kwaɗayin da ya haifi shirin yana nan da ransa, kuma zai dawo da wata riga.

Saboda shirin ya rushe, dole Liverpool ta nemi gurbin gasar zakarun Turai a fili kamar kowa, kuma a lokacin tana bayan layi. Ranar 16 ga Mayu aka je gidan West Brom, ƙungiyar da ta riga ta faɗi, ba ta da abin nema sai mutunci, ta kuwa tsaya kai da fata. Ana 1 da 1, minti 90 ya cika, an shiga ƙarin lokaci, wasu har sun fara ficewa suna tsaki. Aka samu kwana. Sai ga Alisson, mai tsaron ragarmu, wanda mahaifinsa ya rasu wata uku kafin nan, ya baro gidansa da gudu ya shigo cikin taro. Trent Alexander-Arnold ya bugo, ya tashi sama ya sa mata kai, ta faɗa raga. Benci ya kife, wani ya taka mini ƙafa ban ji ba, mai gidan kallo yana ihu a kula masa da waya kada a tsinke. Na waiga, dattijon nan na Everton yana zaune yana girgiza kai yana murmushi. Alisson ya ɗaga yatsu sama yana hawaye, mai sharhi yana faɗin cewa tun da aka kafa ƙungiyar a 1892, ba a taɓa samun golan da ya ci mata ƙwallo a wasan gasa ba sai yau.